Labulen Tagar Gabas

Yalwawa, Dutse
Litinin, 9 ga Oktoba

Zuwa ga uwargidana Zaituna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kin isa Haɗeja lafiya, motar Kamilu kuma ba ta karya miki ƙugu ba. Yaya jikin 'yarmu Bilki, ɗinkin tiyatar haihuwar yana kamewa? Yaya ɗan baƙonmu, da surukarmu Ya Fanna? Allah ya ƙara sauƙi, ya raya mana shi. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Awakinki suna ci, ni ma ina ci, sai dai nasu ya fi nawa daɗi.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannunmu. Ke ce ba ki iya amsa waya ba sai kin buɗe murya duk tsakar gida na ji, ni kuwa abin da ke cina ba na gaban surukai ba ne. Kin kuma san hannuna ya fi bakina iya magana tun ina zuwa zance.

Maganar Muntaka ce. Muntakan da kika sani, wanda muka yi shekaru muna wanke buroshi a gwangwanin kananzir ɗaya a shagon marigayi Malam Ashafa, lokacin kina kawo mana tallar dabino. Shekaranjiya aka yi masa taro a babban zauren jami'a, aka baje fastocinsa don jama'a su gani. An aiko mini da kati, na sa shuɗiyar rigar nan na tafi. Da na san abin da zan gani, da na yi zamana ina rubuta wa 'yan adaidaita lamba.

Zaituna, ƙyallayen nan da muke zanawa da fenti a rataye a tasha, na rigakafi, na taki, na wasan kwaikwayo, na kokawa, su ne aka saka a gilashi, aka haska musu fitila, har da mai gadi yana hana taɓawa. Akwai wadda ya yi wa mai shayin tasha, wadda na san da idona an shekara ana tare rana da ita. A bangon gaba kuma an kafa taswirar duniya, an soka jajayen fil a duk garin da gidan tarihi ke ajiye da aikinsa. Ga fil a Kano, ga shi a Legas, ga biyu a Jamus, ga wani can Amurka. Na tsaya gaban taswirar nan har ƙafata ta yi tsami, ina karanta garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba, amma sun san sunan Muntaka.

An turo shi a keken guragu, da sabuwar hula, hannun daman da ya shanye yana kan cinya. Manyan malamai suna rusunawa suna gaishe shi, ana kiransa gwanin zayyana. Ba zan ci amanar gaskiya ba, zayyanar da yake kewaye fasta da ita babu mai irin ta a garin nan, dagi ne ke shiga dagi kamar ɗinkin babbar riga. Amma waye Malam Ashafa ke ba wa zanen mutum da itace? Ni ne. Muntaka har ya ajiye buroshi bai iya zana hannu ba. Ki duba duk fastocinsa, kowa hannunsa na aljihu ko a baya ko cikin mayafi. Wani mai jawabi ya ce wai da gangan yake yi don ya nuna kunyar Bahaushe, zaure ya ɗauki tafi. Ni ma na tafa, me zan yi?

Da za mu fito wani tsohon abokin cinikinmu ya dafa ni, ya tambaye ni ina nawa suke, yaushe za a yi mini irin wannan. Sai na yi dariya na ce lokaci ne. Amma ke kin san amsar. Dokar Malam Ashafa ce, fasta in ta gama aiki a je a ɗebo ta, a shafe ta da farin fenti, a zana wata a kai. Yakan ce ƙyalle ɗaya sai ya ci biki bakwai kafin a ce ya mutu. Ni na bi dokar nan har tsufana, ina alfahari da ita, ko ɗaya ban taɓa bari ta kwana a waje ba. Muntaka da ya buɗe shagonsa ƙyuya ta hana shi ɗebo nasa, sai mutane suka kwashe, wannan ya rufe rumbu, wancan ya yi rumfa. Can masu neman kayan tarihi suka bi suka tsinto su. Wato ƙyuyarsa ce ta kai shi Jamus, ni kuma ladabina ya shafe ni da hannuna.

An ce hassada ga mai rabo taki ce. To, ni dai tun shekaranjiya nake zuba wa gonar Muntaka taki, na kasa dainawa. Na yi istigfari, na yi masa addu'ar ƙarin lafiya, amma abin ya ƙi barina. Ke kaɗai zan iya gaya wa.

Ki gaishe da mutanen gidan duka. Ki riƙa shan maganin ƙafarki.

Naki,
Yahuza

Yalwawa, Dutse
Lahadi, 15 ga Oktoba

Zuwa ga Zaituna, abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mai jego da Nasrullahi. Na ji an ce yana kama da ni, Allah ya sa ba a hanci ba. Ina fata kina samun barci, kuma ɗawainiyar ruwan wanka ba ta tayar miki da ciwon ƙafa ba.

Ki yaga waccan takardar, tsohon banza ne ya rubuta ta. Yau albishir na kawo.

Jiya ina shago ina rubuta wa wata makarantar kuɗi allo, sai ga wata baiwar Allah ta sauka daga mota tana tambayar Malam Yahuza mai zane. Sunanta Malama Rashida, ma'aikaciyar gidan tarihin Kano da ya shirya taron nan ce. Yarinya mai hankali, har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ni, tana ce mini Baba. Ta ce Muntaka ne ya ba ta sunana, ya ce in dai ƙyallen zamanin Malam Ashafa take nema, to ta zo wurina, akwai fastar nunin amfanin gona da na yi shekarar da ta biyo bayan ba mu jiha, yana zaton tana nan. Har zan ce mata babu, sai na tuna labulen tagarki.

Kin tuna? Muna sabon aure, ɗakin babu ko zanin rufe taga. Na ɗebo fastar daga filin nuni, na jingine ta a tsakar gida, na shiga dama farin fenti. Kafin in fito kin naɗe ta kin shige ɗaki, kika ce wannan kam ba za a shafe ba. Na yi faɗa, na ce asarar ƙyalle ce, kika yi mini banza. Ashe ke ce mai hangen nesa a gidan nan. Duk aikin da na yi a duniya, ita kaɗai ta rage, kuma albarkacin taurin kanki ne.

Da yamma na shiga na tsaya gabanta, na dube ta irin duban da ban yi mata ba tun tuni. Zaituna, na iya zane! Bishiyoyin dabinon nan uku, kowane reshe da nasa nauyin. Duwatsun garinmu a bayansu, kamar ka hau. Manomin nan da damin gero a ka, hannunsa biyu a waje, yatsu goma cif, har jijiyar bayan hannu na sa masa. Fentin ya ɗan koɗe, gefen ƙasa kuma akwai inda Bilki ta tattauna tana fitar da haƙori, amma ko a haka na yarda a jera ta da kowace ta cikin gilashin nan.

Malama Rashida za ta dawo ranar Laraba. Ta roƙe ni kada in sauke labulen, kada in wanke, in bar shi yadda yake. Ta tambaye ni ina tagar ke kallo, na ce gabas, sai ta ce to da hantsi za ta zo. Su dai 'yan boko da tsarinsu. Na share ɗakin, na gyara shimfiɗa, na kai riga wurin mai guga.

Labulen naki ne, shi ya sa nake neman izini. In suka ce za su tafi da shi, ki yarda, zan sayo miki na kanti mai furanni. Ba Jamus nake nema ba, ko Kano ma ta ishe ni. Fil ɗaya nake so a taswirar nan, wanda Nasrullahi zai girma a nuna masa a ce na kakansa ne. Muntaka ma na yafe masa, tun da ya tuna da ni. Ashe yana da kunya.

Ki yi mini addu'a. Ki gaishe da Ya Fanna da kyau.

Mijinki,
Yahuza

Yalwawa, Dutse
Alhamis, 19 ga Oktoba

Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Bilki da jariri. Ni ma jikina lafiya.

Murna ta koma ciki. Ba ni aka zo gani ba.

Jiya da hantsi Malama Rashida ta zo, na yi mata iso har ɗakinki. Rana ta ɗago ta bayan katanga ta daki tagar sosai. Ta ce in turo ƙofa. Ina rufewa, sai labulen ya kama haske kamar gilashin fitila, sai ga wani zane yana fitowa ta cikin nawa. Zayyanar gefe ce ta fara bayyana, dagi cikin dagi, ba sai an gaya mini hannun wa ba ne. A tsakiya kuma, daidai tsakanin dabinona na biyu da na uku, inuwar yarinya ce tsaye da faranti a ka.

Ta yi mini bayani cikin ladabi. Ta ce fastar farko ce da Muntaka ya taɓa yi shi kaɗai, ta tallar dabinon Dutse, aka shafe ta bisa dokar shago, ƙyallen ya faɗo hannuna na yi tawa a kai. Ta ce abin da ya sa suke neman ta ido rufe, ita kaɗai ce a duniya da Muntaka ya zana hannu a cikinta. Suna da magani da ƙwararru da za su ɗaga fentin sama a hankali har na ƙasa ya fito. Fentin sama, Zaituna. Sunan da aka ba dabinona da duwatsuna da manomina ke nan. Ta ce za su ɗauki hoton nawa mai kyau su ba ni kafin a kankare.

Ni kuwa ba ita nake kallo ba. Hannun nake kallo, wanda ya ɗaga ya riƙe bakin farantin. Zanen ɗan koyo ne, wuyan hannun ya yi tsawo, amma an zauna masa, an ɓata masa lokaci. Ƙaramin yatsan a lanƙwashe yake, ya karkata waje. Yatsa ɗaya na sani mai wannan karkatar a duk garin nan, wanda turmi ya danne tana ƙarama. Shekara talatin da wani abu ina karɓar kwanon tuwo daga hannun nan.

Na sallame ta, na ce zan yi shawara. Na dawo na zauna a bakin gadonki, a gefen da kike zama kina tsefe kai, har rana ta haye rufi zanen ya koma ciki, dabinona suka dawo kamar ba a yi komai ba. Sai na lura ban taɓa zama a ɗakin nan da hantsi ba. Daga masallaci shago nake wucewa, ba na dawowa sai rana ta juya. Ni da yamma na san labulen nan. Ke kuwa kowace safiya ta Allah kina nan.

Ba zarginki nake yi ba, Allah shi ne shaida. Na san wadda na aura. Amma ina da tambaya, kuma in ban yi ta ba za ta kashe ni. Ranar da kika naɗe fastar nan kika ce ba za a shafe ba, wace ce kike nufi? Kin san abin da ke ƙasa? Shin ya taɓa nuna miki ita a shago, lokacin da Malam ya aike ni sayen fenti Kano? In ba ki sani ba a ranar, ai kin gani washegari da safe. Me ya sa ba ki taɓa cewa in zo in ga abin mamaki ba, ke da ko kaza ta yi ƙwai mai gwaiduwa biyu sai kin kira ni?

Da ina kishin Muntaka a kan Jamus da Amurka. Yanzu da zai kwashe su duka har da Kano ya bar mini tagar ɗakin matata, da na gode masa.

Ki ba ni amsa a takarda, ki ba Kamilu. Kada ki kira waya.

Yahuza

Yalwawa, Dutse
Asabar, 28 ga Oktoba

Zuwa ga uwargidana Zaituna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewa. Na ji daɗin jin Bilki ta fara takawa har tsakar gida, Allah ya cika mata lafiya. Busasshen kifin ya iso, na gode, har maƙwabta sun shaida. Yaya ƙafar taki?

Takardarki ma ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Kin ce labulen naki ne, kada wanda ya kuskura ya kankare ko ƙwayar fenti, sauran kuma ni na sani. Kin ce in daina tsallake abincin rana, in duba jar akuya don ta kusa haihuwa. Tambayata kuwa kin bi ta gefenta kamar mai kewaye kududdufi. Na duba bayan takardar ko kin manta kin juya, babu komai.

Da na rasa amsa a wurinki, na hau adaidaita na tafi unguwar Takur. Na sami Muntaka a zaure an jingina shi da matashi. Maganarsa ba ta fita sosai yanzu, sai ka sunkuya. Na tafi da faɗa a bakina, na shirya shi tun daga Yalwawa, amma yana ganina ya fara hawaye yana kiran sunan da Malam ke kirana da shi. Ya rantse bai san kankarewa za su yi ba, ya zaci hoto kawai za su ɗauka. Ya ce kada in yarda. Ya ce tasa aikin yaro ce, dabinon nan nawa kuwa ya tsaya gabansu a filin nuni ya san har ya mutu ba zai yi kamarsu ba, shi ya sa ma ya koma ya dage wa zayyanar gefe. Ban tambaye shi maganar hannun ba. Shi ne da kansa ya ce ba Malam ya shafe ta ba, shi ya shafe ta, a makon da iyayena suka kai gaisuwa gidanku, kuma tun daga nan bai ƙara marmarin zana hannun kowa ba. Daga nan ya nemi a ba shi ruwa, muka koma hirar tsadar fenti.

Kin ga irin abin da yake yi mini? Shekara da shekaru ina raina shi a kan bai iya hannu ba, ashe ajiyewa ya yi. Na je in yi faɗa, ya yabe ni. Ko a kirki ma sai da ya fi ni. Na fito zauren nan ina jin haushinsa fiye da yadda na shiga, ga kuma tausayi, na rasa inda zan sa kaina.

Shekaranjiya Malama Rashida ta dawo da sabuwar magana, kuma Allah ya sani ta yi adalci. Ta ce sun fasa kankarewa. Za su ɗauki labulen yadda yake, su gina masa akwati mai fitila a baya. Fitila a kashe, aikin Yahuza. An danna, na Muntaka ya fito. Sunayenmu biyu a allo, nawa a sama, kuma bayan Kano akwai gidan tarihin waje da ya nemi aro. Ta buɗe wayarta ta nuna mini inda za a soka fil.

Zaituna, abin da na roƙa ke nan, an kawo mini har gida. Na kalli wurin fil ɗin nan na daɗe. Sai na ga layin mutane, 'yan makaranta da Turawa da kowa, kowa na wuce dabinona yana miƙa yatsa ya danna, don ya ga hannun matata yadda wani ya gan shi. Waye zai tsaya kallon fitila a kashe? Na ce mata a'a. Ta ce in ƙara tunani, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu, na ce na sani. Ta tafi ranta babu daɗi, ni ma haka. Babu fil, kuma ba za a yi ba. In Nasrullahi ya girma ya tambayi aikin kakansa, a nuna masa bayan adaidaita.

Labulen yana nan a tagarki, ban taɓa shi ba. Abu ɗaya na yi, gara ki ji daga bakina kafin ki gani. Na zagaya ta waje na kafa tabarma a bayan tagar. Yanzu rana ba ta ratsowa, safe da yamma dabino ne da duwatsu da manomi. Ɗakin ya ɗan yi duhu, na sani, kuma kin fi son haske in za ki zura allura.

Ki gaishe da Ya Fanna, ki shafa mini kan Nasrullahi. Kamilu ya ce zai ajiye miki kujerar gaba ranar da kuka yi arba'in, ni kuma zan tarye ki a tasha in Allah ya yarda.

Ƙusa biyu kawai na sa wa tabarmar, ban kuma buga su har ciki ba, da hannu ma za su fita. In kin dawo kin bar ta, na gode. In kin cire, ba zan ce komai ba. Da hantsi dai ina shago, kamar kullum.

Naki har kullum,
Yahuza